Mai Riƙon Fitila

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaga kwantena
a tashar jiragen ruwan Valparaíso,
yau ga kati bakwai sun gagari hannuna.

Shagon Baltasar na can bisa tudu,
inda matakala ke cin gwiwar tsoho.
Ran Asabar jikata Maite kan ja ni,
ta zaunar da ni gaban tebur mai koren ƙyalle,
ta ce, "Kaka, daina kallon hoton.
Hoto kwalliya ce. Maganar na ƙasa, a ƙaramin rubutu."

Na sa tabarau.

Wannan, in ji ta, ba ya barci.
Muddin yana fili, mayaƙanka duk sun ƙaru da ɗaya,
ba roƙo, ba biya,
inuwar bango ce, wanda ya matso ya sha.
Wancan kuwa ɗan kasuwa ne:
sai ka zube duwatsun wuta biyu,
ka kwantar da shi a gicciye, sannan ya motsa.
Na ce na san irinsa, mun yi aiki tare.

Sai Nahuel, yaron nan mai waya a haƙori,
ya jefo Tsawa kan dodona.
Na kai hannu zan miƙa shi makabarta,
Maite ta dafe ni.
"Tsaya. Ba ta sauka ba tukuna, tana rataye.
In kana da amsa, ɗora a kanta.
Wanda ya zo ƙarshe shi ke fara aiki."

Ashe sana'ata ce aka zuba a takarda!
Kwantenar da ka ɗora ƙarshe ita ƙugiya ke fara kamawa,
ta ƙasa kuwa, ko zinariya ta haɗiye, sai haƙuri.
Na ɗora Garkuwar Hazo.
Tsawa ta sauko ta tarar da ƙofa a kulle,
Nahuel ya furta abin da uwarsa ba za ta so ji ba.

Amma akwai kati guda da na raina,
wata tsohuwa riƙe da fitila a bakin teku,
ƙarfinta ɗaya, ranta ɗaya,
ɓera ma in ya yi niyya zai kayar da ita.
Zagaye huɗu ina ɓoyonta don tausayi.
"Sauke ta."
"Kashe ta za su yi."
"Na sani. Karanta."

Idan wannan ta bar fili zuwa makabarta,
ɗauko wani daga can, ka mayar hannunka.

"Ba a saye, ba a zaɓar lokaci," in ji Maite.
"Kalmar nan 'idan' ita ce zaren tarkon.
Tana faɗuwa, sai ya tashi da kansa,
ba mai ce masa ya tashi."

Na karanta sau biyu. Tabarau ya yi raɓa.

Shekara tara ni da 'yata Amparo ba ko gaisuwa,
kan wata magana da na manta farkonta.
Rosaura ta yi lallashi har murya ta dushe,
ba ta iya da mu ba, ƙarfinta ɗaya ne.
Ranar da muka kai ta makwanci
na waiga, sai ga Amparo tsaye cikin yayyafi,
riƙe da hannun wata yarinya da ban taɓa gani ba.

Yarinyar ce ke zungurina yanzu:
"Kaka, kai ake jira. Wa za ka ɗauko?"

An cinye ni a wasan, ba gardama.
Kafin mu fita na tambayi Baltasar kuɗin tsohuwar,
ya yi dariya, ya ce ba ta kai kofin shayi ba,
akwati guda gare shi, ba mai nema.
Na ce ɗaya ta ishe ni.

Muka gangaro, Maite na ƙirga matakala,
wani jirgi na kuka daga bakin tasha,
katin na aljihun rigata na hagu,
ina dafe shi kada iska ta ɗauke.